Zuwa ga 'yata, kan kyanwarki mai ciwon ƙoda

'Yata,

Mahaifiyarki ta gaya mini abin da likitan dabbobi ya ce bayan ya auna jinin kyanwarki, ta kuma ce kwana biyu ke nan ko abincin kirki ba kya ci. Sannu. Na san akwai masu yi miki dariya a gidan, wai kina kuka a kan mage. Kada ki kula su. Dabbar da ta shekara 13 tana kwana a gefen katifarki, tana tarbarki a zaure idan kin dawo, dole ki ji zafin ciwonta. Ki tuna sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da sunan 'yar kyanwa duniya ta san shi, wato Abu Huraira.

Gara ki ji gaskiya daga bakina tun yanzu: ƙodar da ta daɗe tana lalacewa ba ta komawa yadda take. Aikinta tace jini, ta fitar da datti ta fitsari, ta riƙe wa jiki ruwan da yake bukata. A tsohuwar kyanwa aikin nan yakan ragu a hankali, shekara da shekaru, kuma kafin gwajin jini na yau da kullum ya nuna matsala, sau da yawa kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ya riga ya tafi. Ga shi kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. Saboda haka ki daina tuhumar kanki cewa kin yi sakaci.

Ni ma haka ta faru da ni. Muna da wani muzuru ja a da, sai na ga ya tare a gindin randa, yana lasar ruwan da ke tsattsafowa daga jikinta, dare da rana. Na ɗauka zafin bazara ne. Sai da damina ta sauka yana nan a gindin randar, gashinsa ya dushe, ƙashin bayansa ya fito har ana iya ƙirgawa da yatsa, sannan na gane ba lafiya ba. Ƙodar ce ta kasa riƙe ruwa, fitsarin ya tsinke ya yawaita, ƙishirwa ta hana shi sakat.

Likitoci sun kasa ciwon nan mataki 4. Ki tambayi naki a wane mataki kyanwarki take, don amsar ita za ta nuna miki abin da za ki sa rai. Wadda ke mataki na 2 ko na 3, in ta samu kulawa, tana iya yin watanni masu yawa, wata ma har shekaru, tana ci tana wasa. Idan ba ki gamsu da gwajin da aka yi ba, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Ruwa ne farkon magani. Ki ajiye mata kwanuka biyu ko uku a wuraren da take zama, ki riƙa sauyawa safe da yamma. Wataƙila likita ya koya miki yi mata ƙarin ruwa a gida. Ana ɗaga fatar da ke tsakanin kafaɗunta ne, a soka allura a ƙarƙashi, ruwan ya taru ya yi ɗan tudu, cikin 'yan awoyi jiki ya shanye. Ranar farko hannunki zai yi rawa. Ki ɗora ta a cinyarki, ki riƙa shafa kanta kina yi mata magana, za ki ga ta saba kafin ke ki saba.

Sai abinci. Akwai wani sinadari, fosfaras, wanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa, idan ya taru kuma yana ƙara cin ta. Don haka ake yin abinci na musamman na masu ciwon ƙoda, wanda aka rage masa shi. Yana da tsada, ba kuma ko'ina ake samu ba; in ya gagara, ki roƙi likitan ya tsara miki abin da za ki dafa a gida. Busasshen kifi mai ƙaya da ragowar miya mai gishiri da magi, ki janye mata su. Albasa da tafarnuwa kuwa guba ne ga kyanwa, suna fasa mata jini. Amma kada tsananin kiyayewa ya sa ki bar ta da yunwa. Kyanwar da ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, hantarta ma tana iya taɓuwa. Ki ɗan ɗumama abincin don ƙamshi ya tashi, ki ba ta kaɗan-kaɗan, ko da a tafin hannunki ne. Idan amai ne ke hana ta ci, akwai maganinsa wajen likita. Ki ce kuma a auna mata hawan jini, don yakan biyo ciwon nan, yana iya makantar da ita farat ɗaya.

Wannan kuma ki riƙe shi da kyau, ki gaya wa kowa a gidan: kada a kuskura a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su kuma ƙodar suke ƙarasawa. Haka jiƙe-jiƙen da masu tausayi za su kawo miki. Ki gode musu, ki ajiye.

Akwai ranar da duk wannan ba zai ƙara yi ba, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta miki. Za ki ga kyanwar ta tsuguna a gaban kwanon ruwa, kanta a sunkuye, tana kallon ruwan ba ta sha. Bakinta zai yi wari, har da gyambo a ciki. Za ta daina lasar jikinta, ta nemi lungu ta ɓuya, ƙafafun baya su kasa ɗaukarta. Tun yanzu ki samu kalanda, ki riƙa sa alama a ranar da ta ci ta motsa da ranar da ta wuni a kwance. Zuciyar mai ƙauna tana riƙe rana mai kyau guda ta manta da munana goma, amma alamun kalandar za su nuna miki inda aka dosa.

Abin da mutanenmu suka saba yi a irin wannan lokaci, a sa ta a buhu a kai bayan gari ko bakin kasuwa a saki, ko kusa kada ki yarda. Zalunci ne. Kin san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Wadda ba ta iya tsayawa da ƙafafunta, a jefar da ita a juji, ban ga bambancinsa da wancan ba.

Likita zai iya yi miki maganar allurar hutawa. Yawanci ana fara sa ta barci ne, sannan a ba ta maganin da zai tsayar da zuciya cikin 'yan mintoci ba tare da ta ji zafi ba. Malamai sun yi saɓani a kan haka. A Malikiyyarmu akwai waɗanda suka halatta a hutar da dabbar da aka yanke ƙauna daga warkewarta tana kuma shan azaba, wasu malaman kuma suka ce a yi ta jinya har rai ya yi halinsa. Ki zauna da likitan ya gaya miki halin da jikinta yake ciki ba ɓoye-ɓoye, sannan ki kai wa malamin da kika amince da shi. Ni dai a ganina, idan azaba ta kai inda magani ba ya sauƙaƙa ta, riƙe ta saboda ke ba ki shirya rabuwa ba bai zama tausayi ba. In kuma kin zaɓi jinya har ƙarshe, to ki nemi maganin rage raɗaɗi daga likita, ki shimfiɗa mata tsumma mai laushi a wuri mai ɗumi, ki riƙa jiƙa mata baki.

Ko wanne kika zaɓa, ki kasance a wurin, hannunki a kanta, don muryarki ta sani. Bayan nan a haƙa rami mai zurfi a binne ta, kada a jefar a bola.

Amma ba mu kai can ba tukuna. Yau ki sauya mata ruwa, ki ɗumama mata abinci, ke ma ki zauna ki ci naki. Allah Ya ba ta sauƙi, Ya ba ki ladan jinya.

Gwaggonki.