Darasi na Tara: Hutu a Afirka ta Kudu

Masu hannu da shuni sukan tafi Afirka ta Kudu hutu. Sukan fara da gandun dajin Kruger, inda ake kallon giwa da zaki da karkanda. Daga Pretoria sai su shiga jirgin ƙasa na alfarma, Blue Train, su yi tafiyar kilomita wajen 1,600 zuwa Cape Town. Kusa da can akwai Stellenbosch, inda ake noman inabi ana yin giya da shi. Wasu kuma sukan zarce Namibiya ta jirgin ruwa.

Tafiyar akwai tsada, amma kuɗin yana samar wa jama'a aiki, yana kuma taimakawa wajen kare karkanda daga mafarauta.

Tambayoyi
1. Waɗanne dabbobi ake gani a Kruger?
2. Su wane ne masu hannu da shuni?