Ma'aikatan Da Ke Ƙarƙashin Lakar Fadama

Duk manomin da ya taɓa shiga fadama da damina ya san lakar nan baƙa mai wari, wadda in an taka ta sai kumfa ya riƙa tasowa. Iska ba ta kaiwa cikinta, amma kuwa cike take da ƙananan halittu da ake kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ke ruɓar da ciyawa da ganye da ruwa ya danne.

Cikin abincinsu akwai wani iri mai taurin kai. Masana sun ce ginin jikinsa kamar zobe yake, ƙwayar kabon 6 sun riƙe juna sun kewaye. Ana samunsa cikin kara da buntun shinkafa da itace, har ila yau akwai shi cikin fetur, kamar su benzin da toluwin. A tudu, inda iska ke ratsa ƙasa, bakteriya kan ɗauki iskar oksijin kamar gatari su fasa zoben. To, a ƙarƙashin ruwa fa, inda babu gatarin?

A 1934 Tarvin da Buswell na Amurka suka nuna zoben yana fasuwa ko ba iska. A 1969 kuma Dutton da Evans na Birtaniya suka gane hanyar, watau sai an sassauta zoben tukuna kafin a ɓalle shi. Ga yadda abin yake. Da fari bakteriya kan sassaƙe abincin iri iri su mai da shi abu guda mai suna benzoyl-CoA, kamar yadda hanyoyin ƙauyuka ke haɗuwa a ƙofar kasuwa. Sa'an nan wani ma'aikaci a cikin jikinsu ya cusa wa zoben haidirojin har ya yi laushi. Daga nan sai a buɗe shi da ruwa, a gutsuttsura, a ci. Boll da Fuchs na Jamus su suka ware wannan ma'aikaci a 1995 daga wata bakteriya mai suna Thauera aromatica. Aikin da tsada, gama sai ta kashe ƙarfin da ta tara kafin ta ci riba, kamar falke da ke zuba jari.

Ba kowace bakteriya ke da wannan sana'a ba, gado ne. Kamar yadda irin gero ke ɗauke da halinsa, haka kowane ma'aikaci ke da ƙwayar gadonsa a rubuce cikin jikin bakteriya. Na mai sassauta zobe guda 4 ne, jere da juna. Na mai kama toluwin ana kiransu bss. Akwai kuma wasu masu aikin tsaron ƙofa: in abincin bai zo ba sai su rufe sauran, domin kada a yi ɓarnar ƙarfi, in ya zo su buɗe. A 2005 aka karanta gadon wata da aka samo cikin laka kusa da Bremen ta Jamus, aka tarar ƙwayoyin gadonta sun fi 4,000. Yanzu in fetur ya ɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, masana kan ɗebi ruwan su nemi bss a ciki. In sun same shi, sun san akwai masu iya shara a wurin.

To, ina amfanin wannan ga manomi? Abu biyu ne.

Na ɗaya, sharar nan a hankali take tafiya. Toluwin kan ciwu, amma benzin yakan daɗe ƙwarai inda ba iska, ga shi kuwa guba ne, yana jawo ciwon daji na jini. Saboda haka mai injin ban ruwa kada ya zuba fetur ko ya juye baƙin mai a bakin rijiya ko rafi. Ya aza injin a kan daɓe, ya tara tsohon mai cikin gwangwani. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, da yawa cikin waɗannan bakteriya, har da Thauera, naitiret suke shaƙa a madadin iska, shi ne kuwa abincin shuka da ke cikin takin zamani. In ruwa ya kwanta a gonar masara ko tumatir, sai su mai da shi iska ya tashi, kuɗin manomi ya bi shi. Sai a yi magudana, kada a zuba taki kan ruwa kwance. Mai shinkafa kuwa ya binne yuriya cikin laka, ya raba ta sau biyu ko uku. Takin rami ma a riƙa juya shi ya sha iska, gama kara ba ya ruɓewa da sauri in an toshe shi.

Mai gona a fadama ya lura da waɗannan tun kafin ruwa ya sauka.