Gigin Tsufa: Yadda Iyali Za Su Kula da Tsohon da Mantuwa ta Kama

A bazarar da ta wuce, wata mata ta kawo uwar mijinta asibitinmu daga wani ƙauye da ke kan hanyar Pitoa. Tsohuwar tana zaune tsaf, ba zazzaɓi, ba tari. Amma sau uku ta tambaye ni ko an riga an kai awaki kiwo. Da na keɓe da surukar, sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Malama, Inna tana cewa ni nake sace mata kuɗi. Ta ci tuwo, ta ce wa baƙi ban ba ta komai ba. Shekaranjiya da tsakar dare aka tsince ta a ƙofar gidan maƙwabta, yanzu gari ya ɗauka wai mayya ce. Shekara biyu ke nan ban yi cikakken barci ba."

Marasa lafiya biyu na gani ran nan: tsohuwar, da matar da take jinyarta. Wannan darasi domin su biyun ne.

Mene ne gigin tsufa?

Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Kamar yadda ido yakan yi yana, gwiwa kuma ta lalace, haka ƙwaƙwalwa ma takan kamu da ciwo. Ƙwayoyinta suna mutuwa kaɗan-kaɗan, sai tunani, da magana, da sanin hanya su riƙa raguwa. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuwa alhakin wani zunubi ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya.

Ba kowane tsoho yake kamuwa ba. Duk tsoho yakan manta inda ya ajiye hularsa, daga baya ya tuna. Mai gigin tsufa kuwa yakan riƙe hular a hannu ya rasa me ake yi da ita.

Ciwon yana da iri-iri. Wanda ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda aka sa wa sunan wani likita ɗan Jamus, Alois Alzheimer, da ya fara bayyana ta a shekarar 1906. Wani irin kuma yana zuwa ne in jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suka toshe ko suka fashe. Shi ne muke yawan gani ga masu hawan jini, da masu ciwon sukari, da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Shan giya na shekaru da yawa, ko bilbil ko arki, shi ma yana lalata ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ne suke da wannan ciwo, kuma fiye da rabinsu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Saboda haka ba ciwon Turawa ba ne, yana nan cikin gidajenmu.

Alamomin da za ku lura da su

Ciwon yana shigowa a hankali, cikin watanni da shekaru. Za ku ga tsohon:

1. Yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa.
2. Yana manta abin da ya faru yau da safe, amma yana tuna zamanin kuruciyarsa sarai.
3. Yana ɓata a hanyar da ya saba bi, kamar ta gona ko ta kasuwa.
4. Yana kasa lissafin kuɗi, ko dafa abincin da ya saba dafawa.
5. Yana ɓoye kaya, ya manta, sa'an nan ya ce an sace.
6. Halinsa ya sake: mai kunya ya zama mai zagi, mai fara'a ya zama shiru.

Waɗansu sukan manta harsunan da suka koya da girma. Wanda ya yi shekaru yana ciniki da Fulatanci ko Faransanci sai ya koma yaren da ya tashi da shi kaɗai. In haka ta faru, a nemo mai jin yaren ya riƙa zama da shi.

Ruɗewar da take buƙatar asibiti yau-yau

Ku riƙe wannan da kyau. In tsoho yana lafiya jiya, yau kuma ya ruɗe, bai san mutane ba, ko yana ta barci ba ya farkawa sosai, kada ku ce tsufa ne. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya tana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko sukari ya sauka, ko ƙarancin ruwa a jiki. Waɗannan duka suna da magani, amma jinkiri yana kashewa. A nan Garwa, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, tsofaffi kuwa ba su cika jin ƙishirwa ba. Da yawa ruwa kawai suka rasa.

Ko mantuwar da ta daɗe ma, a kawo ta a duba. Baƙin ciki mai zurfi, da ciwon maƙoƙo, da ƙarancin waɗansu sinadarai a jini, da rashin ji sosai suna iya kama da gigin tsufa. Ku fara da asibitin da ya fi kusa. In akwai bukata, za a tura ku babban asibitin yanki na Garwa ko na Marwa, ko Asibitin Furotesta na Ngaundere. Ku zo da littafin asibitinsa, da dukan magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Wanda yake kwana da shi shi ne ya kamata ya rako shi, gama shi ya san labarin.

Akwai magani?

Gaskiya ita ce, har yanzu babu maganin da yake warkar da gigin tsufa, ko a Yawunde, ko a Faransa. Akwai ƙwayoyin da sukan rage alamun na ɗan lokaci ga waɗansu, amma suna da tsada, kuma likita ne kaɗai zai rubuta su. Duk wanda ya ce ku sayar da sa ko buhun dawa zai warkar da shi, kuɗinku yake so. Kada kuma ku sayi maganin barci a kasuwa domin ku huta da tsoho. Yana ƙara masa ruɗewa, yana sa shi faɗuwa, ƙashin ƙugun tsoho kuwa in ya karye da wuya ya sake tafiya.

Abin da yake hannunmu shi ne mu kula da hawan jini da sukari, mu gyara ido da kunne, mu kuma gyara yadda muke zama da shi. Wannan na ƙarshe ya fi kowane ƙarfi.

Yadda za ku yi magana da shi

Ku zo ta gabansa, ku durƙusa ko ku zauna daidai da shi, ku faɗi sunanku: "Baba, ni ce 'yarka." Magana ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ku gwada shi da "Ka gane ni? Wane ne ni?" Wannan kunya kawai yake ba shi.

Kada ku yi gardama da shi. In Inna ta ce an sace mata kuɗi, rantsuwa ba za ta gamsar da ita ba. Ku ce, "Ayya Inna, zo mu duba tare." Sannu a hankali za ku gane wuraren da take ɓoye kaya: ƙarƙashin tabarma, cikin ƙwarya, ko a bakin zane. In ta ce ba ta ci ba, ku ce, "To Inna, ga ɗan kunu kafin a gama."

In Baba ya tambayi matarsa da ta rasu shekaru goma da suka wuce, kada ku riƙa sanar da shi rasuwar kowace rana, gama kowace rana sabon makoki ne a gare shi. Ku ce, "Kana kewarta ko? Ba mu labarin aurenku." Sau da yawa abin da yake nema ke nan.

In ya zage ku, ku tuna ciwon ne yake magana. Ku fita tsakar gida, ku sha ruwa, ku dawo. Kafin nan ya manta. Duka, da tsawa, da ɗaurewa da igiya, da kullewa a ɗaki ba su koya masa komai. Tsoro kawai suke ƙara masa, mai tsoro kuwa ya fi faɗa.

Tsarin yini da tsaron gida

A bar shi a ɗakinsa da ya saba. Yawo da shi daga gidan wannan ɗa zuwa na wancan yana ƙara ruɗa shi. Abinci, wanka da kwanciya su kasance a lokaci ɗaya kullum. A ba shi ruwa a hannu sau da yawa, kada a jira ya roƙa. A kai shi bayan gida bayan kowane awa biyu ko uku, da kuma kafin barci.

A ba shi aikin da hannunsa ya sani: ɓarar gyaɗa, tsinkar zogale, tufkar igiya. Ko bai yi daidai ba, a yi masa sannu da aiki. Waƙoƙin sujada da addu'o'in da ya haddace tun yana yaro sukan daɗe ba su ɓace ba, a riƙa yi tare da shi. Game da azumi, iyalan Musulmi su tuntuɓi malaminsu, gama addini ya yi sauƙi ga marar lafiya.

Da yawa sukan tayar da hankali da almuru, su ce za su tafi gida alhali suna gida. A kunna fitila da wuri, a rage hayaniya, wani ya ɗan zaga da shi cikin unguwa, su dawo.

A rufe rijiya. A ɓoye maganin feshin auduga, da fetur, da ashana. Kada a bar shi shi kaɗai kusa da murhu. Masu zama kusa da Binuwai, ko tafkin Lagdo, ko babbar hanyar Marwa su ƙara lura, musamman da damina. A ɗinka ɗan ƙyalle a rigarsa mai ɗauke da sunansa, da unguwarsa, da lambar wayar ɗansa. A rataya gwangwani a ƙofa domin a ji motsinsa da dare.

Kada ku ɓoye ciwon. Ku gaya wa jauro ko lawan, da fasto, da liman, da maƙwabta. Unguwar da ta san Inna ba ta da lafiya za ta riƙo hannunta ta maido ta gida. Unguwar da ba ta sani ba ita ce take jifa.

Wa yake kula da mai jinya?

A yawancin gidajen da na shiga, mace ɗaya ce take ɗauke da kome: suruka, ko 'ya, ko jikar da aka cire daga makaranta. Ita ce take wanki, ita ce take hana kanta barci, ita ce kuma ake zargi. 'Ya'yan da suke Duwala ko Yawunde sukan zo kwana biyu, Inna ta yi musu fara'a, su koma suna cewa, "Ai lafiyarta ƙalau." Ku sani mai wannan ciwo yakan iya daurewa a gaban baƙo na ɗan lokaci. Ku gaskata wadda take kwana da ita.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kira taron iyali tun da wuri, ku raba aikin da suna da rana: wane zai kwana da Baba ran Talata, wace za ta yi wanki, wane zai aiko kuɗin sabulu da magani kowane wata. Maza su yi wa mahaifinsu wanka. Tun Baba yana da sauran hankali, a zauna da shi gaban shaidu a kan gona, da dabbobi, da bashi, domin kada rigima ta tashi daga baya.

Ke mai jinya, gajiya da fushi ba zunubi ba ne, alama ce kina bukatar hutu. Ki nemi yini ɗaya a mako. In kin daina cin abinci, ko kina kuka kullum, ko kin ji hannunki yana so ya kai duka, ki zo ki gan mu. Ƙungiyar mata da ta matasa a ikkilisiya za su iya tsara zuwa bi da bi, ko na awa biyu ne, domin ki je kasuwa ko sujada.

Matar nan ta hanyar Pitoa ta dawo bayan wata uku. Inna ba ta warke ba, har yanzu tana tambayar awaki. Amma mijin ya tara 'yan'uwansa, ƙanwarsa tana karɓar kwana biyu a mako, jauro kuma ya yi wa mutanen gari bayani. Surukar ta ce mini, "Malama, yanzu ina barci."

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya bambanta mantuwar tsufa da ciwon gigin tsufa?
2. Wace irin ruɗewa ce za a kai asibiti a ranar?
3. In tsohuwa ta zarge ki da sata, me za ki ce mata?
4. A ƙauyenku, wa yake jinyar tsoho shi kaɗai? Wace rana za ku je ku karɓe shi?