Lissafi Kafin Gini

Karatu: Luka 14:28-30

'Yan'uwa, a daren shiga sabuwar shekara mukan yi wa Ubangiji manyan wa'adodi, amma kafin Fabrairu sai gwiwa ta yi sanyi, kunya ta hana mu addu'a. Yesu ya nuna mana cewa magini mai hikima yakan auna aljihunsa kafin ya haƙa harsashi.

Ku ɗauki abin da za ku iya gamawa. Sabon Alkawari sura 260 ne: sura ɗaya kowace rana, Litinin zuwa Jumma'a, cikin mako 52 kun kammala. Ku tsai da lokaci, ku nemi abokin addu'a mai tuna muku. In kun yi fashi, ku ci gaba daga inda kuka tsaya. Ruhu Mai Tsarki ne ƙarfinku.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni alherin gama abin da na fara, cikin sunan Yesu. Amin.