Manhajar da aka saya bara ta fara gardama: abin da bincike ya gano da abin da ya kamata a yi

Daga Titin Zariya, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, a ratsa Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku da Ƙauyen Alu, duk a yankin Tarauni, kwamfuta ta karɓe aikin littafin lissafi a wurare da dama. Mai kemis yana duba ragowar magani a allo, makarantar kuɗi tana fitar da sakamakon ɗalibai da manhaja, ɗakin gwajin jini yana buga rasit da sunan maras lafiya da lambarsa. Wasu sun sayi manhajar ne daga kamfani, wasu kuwa wani matashi ne ya rubuta musu, ɗalibin jami'a ko ɗan bautar ƙasa, aka biya shi aka yi sallama.

Shekara ɗaya ko biyu sai kuka ya fara, kuma kukan kusan iri ɗaya ne: “Da lafiya lau take yi, yanzu ta fara gardama, wanda ya yi mana ita kuma lambarsa ba ta shiga.” Mai shago yakan ɗauka an cuce shi, an sayar masa da jabu. Wani lokaci haka ne. Amma galibi ba haka ba ne, domin abin da ya same shi masana sun shafe fiye da shekara hamsin suna nazarinsa, har ya zama fanni mai zaman kansa a ilimin injiniyancin manhaja, wato kula da manhaja da yadda take sauyawa bayan an fara amfani da ita.

Wanda ya fi suna a wannan fage shi ne Meir Lehman, wanda ya yi aiki da kamfanin IBM kafin ya zama farfesa a kwalejin Imperial da ke Landan. Shi da abokin aikinsa Laszlo Belady sun bi diddigin babbar manhajar IBM mai suna OS/360, suna auna yadda take ƙara girma daga fitowa zuwa fitowa. Daga 1974 Lehman ya fara tsara abin da ya gano a matsayin dokoki, zuwa 1996 suka kai takwas. Biyun farko su ne suka fi shafar mai shago a Tarauni. Ta farko ta ce duk manhajar da ake aiki da ita a harkokin mutane na yau da kullum, dole a riƙa sauya ta, in ba haka ba amfaninta zai yi ta raguwa. Ta biyu ta ce duk sauyin da aka yi mata yana ƙara mata sarƙaƙiya, sai dai in an ware aiki na musamman don warware ta.

Manhaja ba ta tsatsa, ƙurar hunturu ba ta shigarta, zafin bazara bai dame ta ba; waɗannan cututtukan na'ura ne. Ita tana nan yadda aka rubuta ta, harafi bai canza ba. Kamar rigar sallar yaro ce: ba ta yage ba, amma baɗi ba za ta shige shi ba, don yaron ya girma.

Misalan wannan girma suna nan a gabanmu. A 2011 aka koma amfani da lambar asusun banki mai lamba goma a duk faɗin Najeriya, bisa umarnin Babban Banki, sai duk manhajar biyan albashi da aka gina kan tsofaffin lambobi ta buƙaci gyara. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Shagon da aka dasa masa kashi 5 a cikin rubutun manhaja, ba a ba shi wurin canzawa da kansa ba, ya wayi gari yana buga rasit ba daidai ba. Akwai manhajojin da aka koya wa cewa lambar waya da 080 ko 081 ko 070 take farawa, da layukan 090 da 091 suka fito sai suka ƙi karɓar lambar abokin ciniki. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya tura mutane ga taransfa da POS, manhajar da ta san tsabar kuɗi kawai ta kasa daidaita cinikin yini. Ko sunan makaranta ma canzawa yake yi: jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ta koma ɗauke da sunan Aliko Ɗangote a 2022, kuma duk wata takarda da na'ura ke bugawa sai an bi ta an gyara. Babu laifin wanda ya rubuta manhaja a ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wasu masana biyu a Amurka, Bennet Lientz da Burton Swanson, sun wallafa a 1980 sakamakon binciken da suka yi a ma'aikatu 487. Sun tarar cewa gyaran kurakurai, wanda shi ne kowa ke tunawa in an ce gyara, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na aikin ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiya ne wajen daidaita manhaja da sabon yanayi, rabin aikin kuwa ƙarin abubuwa ne da ingantawa, mafi yawansu masu amfani da ita ne suka nema. Ma'ana, manhajar da ta karɓu ita ce ke jawo aiki, domin shugaban makarantar da ya ji daɗin fitar da sakamako gobe zai so a ƙara masa lissafin kuɗin makaranta, jibi ya so a riƙa tura wa iyaye saƙo. Robert Glass, a littafinsa na 2002, ya ƙiyasta cewa wannan ɗawainiya ta bayan saye tana cin tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na duk kuɗin da za a kashe wa manhaja a tsawon rayuwarta.

Saboda haka shawara ta farko ta aljihu ce. Duk wanda zai sayi manhaja, ya tambayi kuɗin kulawa na shekara tun kafin ya biya na saye, ya kuma sa shi cikin lissafinsa kamar kuɗin haya da na man janareta. Manyan kamfanonin manhaja na duniya sukan caji wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin lasisi duk shekara don wannan hidima. Mai sayarwar da ya ce tasa ba ta buƙatar komai bayan an ɗora ta, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ba shi da niyyar ɗaga waya in an kira shi.

Sai batun da ya fi kowanne cin mutanen wannan yanki, wato dogaro da mutum ɗaya. Masu bincike suna da ma'auni a kan haka: mutum nawa ne in suka bar aiki manhajar za ta zama marainiya? A 2016 Guilherme Avelino da abokan aikinsa a Brazil sun auna fitattun manhajoji 133 da ke rumbun GitHub, suka ga kusan kashi 65 cikin ɗari a wuyan mutum ɗaya ko biyu suka rataya. In haka abin yake ga manhajojin da duniya ke amfani da su, ina ga wadda matashi ɗaya ya rubuta a kwamfutarsa ta hannu, ya gama bautar ƙasa ya samu aiki a Abuja ko Legas? Bai yi laifi ba da ya tafi neman na kansa. Kuskuren yana wajen rashin karɓar abin da ya kamata a karɓa kafin ya tafi.

Abin karɓar a bayyane yake. Akwai rubutun asali na manhajar, wanda masu sana'ar ke kira kod. Abin da aka ɗora a kwamfutar shago sau da yawa ba shi ba ne, kuma in babu shi wani injiniya ba zai iya gyara komai ba sai dai ya sake gini daga tushe. Akwai kalmomin sirri na babban mai kula da manhajar da na rumbun bayanai. In manhajar a intanet take, adireshinta da wurin ajiyarta su kasance da sunan mai kasuwancin aka yi musu rajista, da imel ɗinsa da lambar wayarsa, domin ranar da kuɗin shekara ya ƙare, saƙon gargaɗi can zai tafi. Sannan a nemi bayani a rubuce, ko shafi uku ne, da ke faɗin yadda ake ɗora ta a sabuwar kwamfuta da inda bayanai ke zama. Duk wannan a sa shi a takardar yarjejeniya mai sa hannu da shaidu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana ɗaukar manhaja a matsayin rubutu, haƙƙin kuma a hannun marubuci yake farawa sai in an yi yarjejeniya akasin haka, don haka “ai na biya shi” ba ta wadatar ba. Jin kunyar neman takarda daga ɗan unguwa ko ɗan'uwa ya jawo wa mutane da yawa asarar da ta fi kuɗin manhajar.

Gyaran kansa ma yana da haɗari, kuma Najeriya ta ga haka ƙuru-ƙuru a bainar jama'a. Ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu kuskure a jarrabawar shiga jami'a ta shekarar. An yi wa manhajar faci, amma facin bai kai ga wasu daga cikin na'urorin da ke hidimar cibiyoyin Legas da jihohin kudu maso gabas ba. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, ɗalibai 379,997 aka kira su sake zama. Ba kutse aka yi ba, ba wuta aka ɗauke ba. Sabuntawa ce aka yi a wani wuri aka bar wani.

Darasin ga ƙaramar makaranta ko asibiti shi ne a gwada kowane gyara a kan kwafi kafin a taɓa wadda ake aiki da ita, a shigar da ɗalibi na gwaji ko rasit na gwaji a ga lissafi ya fita daidai, sannan a bi duk kwamfutocin wurin ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowace ta samu. Lokaci ma abin dubawa ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: makon fitar da sakamako ko jajiberin sallah, lokacin da shago ya cika maƙil, ba lokacin taɓa manhaja ba ne. Kuma a ajiye tsohuwar a gefe, don in sabuwar ta ƙi a koma mata cikin sa'a guda.

Sai dai tsoron gyara bai kamata ya zama hujjar ƙin sabuntawa ba. A watan Maris na 2017 Microsoft ta fitar da facin toshe wata kafa a Windows. Ranar 12 ga Mayu ƙwayar WannaCry ta bi ta wannan kafar ta kulle kwamfutocin da ba a yi wa facin ba a ƙasashe da dama. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Wata biyu maganin yana ajiye. A nan gida kuwa ana samun kwamfutocin da ke kan Windows 7, wadda aka daina yi wa faci tun 14 ga Janairun 2020, wasu kuma kwafin sata ne aka ɗora aka kashe sabuntawa gaba ɗaya don tsimin data. Windows 10 ma tallafinta na kyauta da aka saba ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Wanda ke ajiye bayanan marasa lafiya ko na yara a irin wannan na'ura ya sani akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, kuma nauyin tsare su a kansa yake, ba a kan wanda ya sayar masa da manhaja ba.

Kwafin ajiya shi ne mafi arha cikin duk shawarwarin nan. A ƙarshen kowane yini a kwafi bayanai, ɗaya a faifan ajiya da ba ya kwana a shagon, ɗaya a intanet. Faifan bai gagari kowa ba a kasuwar waya ta Farm Centre. Amma kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, ba a san ko yana aiki ba. Lokaci-lokaci a sa injiniya ya dawo da shi a wata kwamfutar a gaban mai shago, ya ga cinikin jiya da idonsa.

Su ma matasan da ke rubuta manhajar akwai magana a kansu, domin su ne dokar Lehman ta biyu ta fi kamawa. Ward Cunningham ya kira aikin gaggawa da ake yi don a sallami mai saye da sunan bashi, tun a 1992, saboda duk gyaran da ya biyo baya sai an biya ƙari. Abin da zai iya canzawa, haraji ko makin cin jarrabawa ko sunan zango, a ba shi wurin da mai shago zai canza da hannunsa. A riƙa adana tarihin kowane sauyi da manhajar Git. A kuma faɗa wa mai saye gaskiyar kuɗin kulawa, ko da zai sa ciniki ya yi nauyi.

Yawancin binciken da aka ambata a manyan kamfanonin Amurka da Turai aka yi shi, inda wuta ba ta yankewa kuma akwai sashe guda na masu kula da kwamfuta. Jami'ar Bayero tana koyar da injiniyancin manhaja, kuma ɗalibanta na shekarar ƙarshe kan rubuta sabuwar manhaja a matsayin aikin kammalawa. Zai fi amfani a tura wasunsu kemis-kemis da makarantun Tarauni, su ƙirga manhaja nawa aka saya, nawa ke aiki har yanzu, me ya kashe sauran, su kuma ɗauki guda ɗaya da aka watsar su farfaɗo da ita. Malaman da ke duba ayyukan ɗalibai su ba irin wannan aiki maki daidai da na wanda ya gina sabuwa.