Yadda Abokan Gabar Amfanin Gona Ke Tafiya

Masana halittu sun kasa abubuwa masu rai gida biyu ta fuskar motsi. Akwai masu tashi daga wuri zuwa wuri da ƙafa ko fiffike, kamar fara da tsuntsun jan-baki. Akwai kuma waɗanda ke kafe a wuri ɗaya har iyakar rayuwarsu, kamar ciyawa da itatuwa. Kafin ka kashe kuɗi wajen sayen magani, ka fara sanin a wane gida abin da ke ɓata maka gona yake, domin hanyar zuwansa ita ce hanyar tare shi.

Mai zuwa da fiffikensa

Ɗauki tsutsar nan mai cin masara da ake kira tsutsar soja. Asalinta nahiyar Amurka ce, kuma a farkon shekarar 2016 aka fara ganinta a kudu maso yammacin Nijeriya. Cikin shekara biyu ta game yawancin ƙasashen Afirka. Ita kanta tsutsar ba ta yin nisa. Uwarta ce matafiyar, wato wani irin malam-buɗe-littafi mai fita da dare, wanda idan iska ta taimake shi yakan ci kilomita 100 kafin gari ya waye. Yana saka ƙwai a dunƙule a jikin ganye, 100 zuwa 200 a wuri guda. Ƙananan tsutsotsin kan saki zare irin na gizo-gizo su rataya, iska ta kai su kan masarar da ke kusa.

Shinge ba ya tare irin wannan. Abin da zai taimake ka shi ne ka yi shuka lokaci ɗaya da maƙwabtanka, domin gonar da ta makara ita ke karɓar baƙi. Ka riƙa zagaya gona aƙalla sau ɗaya a mako, kana duba tsakiyar ganyen da bai buɗe ba, ka murƙushe ƙwai duk inda ka gan su.

Wanda ake ɗauka a kai shi

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ba ta da ƙafa ba ta da fiffike, amma ta mamaye gonakin dawa da gero da masara masu yawa. Ƙwayarta ƙanana ce kamar ƙura. Tushe ɗaya kan zubar da dubban ƙwayoyi, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Ƙwayar ba ta tsira sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Daga nan sai ta miƙa 'yar saiwa, tafiyar da ba ta wuce 'yan milimitoci ba, ta manne. Idan ba ta sami abin kamawa cikin 'yan kwanaki ba, sai ta mutu. Iyakar tafiyarta ke nan.

To, wa ke kai ta gonar da ba ta taɓa zuwa ba? Mafi yawa mutum ne. Binciken da masana na cibiyar IITA ta Ibadan suka wallafa a 1994 ya nuna cewa iska ba ta kai ƙwayar nesa, kuma irin shuka da ya gauraya da ita shi ne babbar hanyar yaɗuwarta. Idan ka yanke dawa ka shimfiɗa ta a ƙasan da wuta-wuta ta zuba, ka sussuke a nan, ka riga ka ɗebi ƙwayar cikin buhu. Haka ƙasar da ke manne a fartanya da garma da tayar tarakta.

Wannan labari ne mai daɗi ga manomi, domin abin da hannu ke yaɗawa hannu na iya tsayar da shi. Ka tumɓuke wuta-wuta kafin ta yi ƙwaya, ka fitar da ita daga gona ka ƙone. Barinta a kan kunya bayan ta yi fure aikin banza ne. Ka shanya amfaninka a kan tamfol, ka sayi iri daga amintaccen wuri, ka kakkaɓe kayan aiki kafin ka shiga wata gona. Juya shuka da waken suya ko auduga ma yana rage ta, domin saiwarsu kan sa ƙwayar ta tsira amma ba ta samun wurin kamawa.

Malamin gona ya lura cewa tsutsar nematod mai ruɓar da doya ita ma kusan haka take. Ido ba ya ganinta, kuma tafiyarta a cikin ƙasa kaɗan ce ƙwarai. A cikin irin doya take bin manomi daga kasuwa zuwa gona, saboda haka a kankare bawon kaɗan a duba kafin a saya. Idan ƙarƙashinsa ya yi baƙi-baƙi ya bushe, kada a dasa.