Yadda Ake Gane Halin Babban Adadi

Idan aka ce wani ɗan kasuwa daga Jiga Birni, cikin ƙasar Aliero inda albasa ta yi suna, ya tara buhu 2,520 zai kai kasuwar Jega, kuma abokan tarayyarsa suna son sanin hannu nawa za a iya raba wa kayan ba tare da an farke buhu ko ɗaya ba, to, ma'abota ilmin hisabi ba su fara rabo sai sun bincika halin adadin tukuna.

Da farko a dubi alƙalamin ƙarshe, domin shi ke nuna ko adadin shafa'i ne ko wuturi. A nan sifiri ne, saboda haka yana da nusufi da humusi da ushiri. Sa'an nan a tara alƙalumansa, biyu da biyar da biyu da sifiri, su ba da tara, wanda ke shaida yana da sulusi da tusu'i, kuma duk adadin da ya haɗa nusufi da sulusi, lalle sudusi ya tabbata gare shi. Rubu'i ana neman sa a alƙaluma biyu na ƙarshe, wato 20, tumuni kuwa a uku na ƙarshe, 520, wanda takwas sau 65 ne. Subu'i shi ne mai taurin kai, ba shi da alama mai sauƙi, sai an zauna an raba, a sami 360 cif. Ashe ke nan kasoshin nan tara duka sun hallara a cikinsa, kuma babu adadin da ya gaza shi da ya tara su.

Bayan haka sai a warware shi zuwa asalinsa: biyu sau uku a jere, uku sau biyu, biyar, bakwai. Daga nan ake gane cewa adadi 48 ne ke raba shi. Malamin fara'ili, wanda kullum yake fama da tumunin matar mamaci da sudusin uwarsa, nan da nan zai lura 24 na cikinsu, kowane kaso buhu 105.

Hukunci na ƙarshe shi ne a tara duk masu raba shi, ban da shi kansa. In jimillar ta yi daidai da adadin, kamar 6 da 28, sunansa kamili. In ta gaza, naƙisi. In ta zarce, za'idi. Namu ya ba da 6,840, za'idi ne ƙwarai, kuma a ganina wannan mataki ya fi amfani ga ɗalibi bisa ga ɗan kasuwa.

Amma da mutumin nan zai ƙara buhu ɗaya tak su zama 2,521, babu abin da zai raba su sai ɗaya da adadin kansa.